Sanya soket ɗin USB a motar kwana

Soket ɗin USB na mota ƙaramar na'ura ce da ake kafawa a dashbod ko a bangon ɗaki, tana cajin wayar hannu kai tsaye daga batir. An fi buƙatarta a motar kwana, wato mota mai gado da kicin da fitilu wadda matafiya ke zama a cikinta. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Ghana, amma aikin ɗaya ne da wanda masu gyaran wutar mota na Suame Magazine, babbar unguwar garejoji a Kumasi, suke yi wa bas-bas ƙirar Sprinter da manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu, inda direba da yaran mota kan yi kwanaki a hanya.

Yadda yake aiki

USB ya fito a 1996, kuma asalin ƙarfinsa volt 5 ne. Batirin ƙaramar mota na volt 12 ne, yana kaiwa wajen 14.4 idan injin na aiki, manyan motoci kuwa 24 suke amfani da shi. Saboda haka a cikin kowane soket akwai ɗan allon lantarki da ke sauko da wutar zuwa 5. Wanda ba a rubuta masa 12 zuwa 24 ba, kada a kai shi jikin tirela, zai ƙone.

Tsohon baki mai faɗi, USB-A, yakan ba da amp 2.4, kimanin watt 12. USB-C, wanda ya fito a 2014, yana iya aiki da tsarin Power Delivery, inda waya da caja suke daidaitawa a kan volt 9, 15 ko 20. A nan ake yawan cutar mai saye. Soket mai araha saukar da wuta kawai ya iya, don haka daga batirin volt 12 ba zai fitar da 20 ɗin da yawancin kwamfutocin cinya ke so ba, ko me aka buga a kwalinsa.

Inda ake ɗauko wuta

Motar kwana takan zo da batir biyu: na tayar da injin, da na ɗaki mai riƙe fitilu da famfon ruwa. Daga na ɗaki ake ɗauko wutar, ta akwatin fis ɗinsa (fis shi ne ɗan abin da ke yankewa idan wuta ta yi yawa). Wanda ya jona a batirin injin, wata safiya sai an tura shi. Akwai mai ɗora inbata ya mai da volt 12 zuwa volt 230 na wutar gida sannan ya sa cajar gida, amma wannan zagaye ne, ana asarar wuta a hawa da sauka.

Fis shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Aikinsa kare kebul ɗin, shi ya sa ake sa shi kusa da inda wutar ta taso. Idan kebul ya goge a jikin ƙarfe babu fis, batir zai tura masa ɗaruruwan amp, robar ta narke, ga katako da katifa da labule a gefe. Soket na yau da kullum fis mai amp 5 ya ishe shi, mai watt 65 kuwa yana jan kusan amp 6, sai fis mai amp 10, da kebul na jan ƙarfe zalla da bai gaza milimita 1.5 murabba'i ba. Idan tafiyar kebul ta yi tsawo a ƙara kauri, don wuta na raguwa a hanya. Dabarar nan ta ɗaure fis da ya mutu da silin waya, wadda kowane gareji ya sani, gayyatar gobara ce.

Ba a yarda da launin kebul sai an gwada da mita. A motocin kwana da aka ƙera a Amurka sau da yawa baƙi ne mai wuta, fari kuma na dawowa, saɓanin abin da yaron gareji ya saba gani. Soket ɗinsu na wutar gida kuma na volt 120 ne, ba ya shiri da 230 na Ghana.

Kafawa

Ana fara cire kan batir na negatif. Soket mai zagaye yana buƙatar huda ta kimanin milimita 29, bayan an duba ba kebul ko bututu a baya. Ana matse bakin kebul da ƙarfen haɗi, domin murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ta jure gargadar hanya. Inda kebul ya ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba.

Soket yana shan 'yar wuta ko ba a jona komai ba, musamman mai shuɗiyar fitila ko mai nuna lamba. A motar da ke fita kullum ba a jin wannan, amma wadda ake ajiyewa makonni tana buƙatar makunni. Batirin ruwa na amp-awa 100 yana ɗauke da kimanin watt-awa 1,200, rabi kawai ya kamata a ci, waya ɗaya kuwa tana cika da watt-awa 15 zuwa 20. Soket mai murfin roba ya fi daɗewa, saboda ƙurar hunturu da laimar damina suna cin bakin soket.