Ma'anar "kat-of": 150 ba takardar shiga jami'a ba ce

Da zarar hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta kammala taronta na shekara da shugabannin makarantu, sai a ji a rediyo cewa "an saka 150 a matsayin makin shiga jami'a". Wannan furuci kuskure ne, kuma yana cutar da iyaye. Abin da aka amince da shi a 2025 shi ne 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, daga cikin maki 400 na darussa huɗu. Wannan kuwa mafi ƙarancin maki ne, wato dokin ƙofar da ba a yarda wata jami'a ta ɗauki wanda ya gaza shi ba. Tsallake shi izinin shiga layi kawai yake bayarwa.

Kat-of, wato makin da ake yanke layi a kai, iri uku ne ake kira da suna ɗaya: na JAMB, da wanda jami'a ke sakawa kafin ta kira ɗalibi jarrabawar tantancewa, sai na sashe, wato fannin karatun da ɗalibi ya nema. Na ukun nan shi ke yanke hukunci, kuma sai an jera masu nema bisa makinsu, an tsaya a yawan guraben da sashen ke da su, yake bayyana.

Ga lissafin da jami'o'i da dama ke yi: a raba makin JAMB gida 8, a samu kashi 50, sauran 50 ɗin su fito daga jarrabawar tantancewa, wasu kuma su haɗa da sakamakon WAEC ko NECO. Yarinya ta ci 280, ya zama 35. A tantancewa ta samu 48 cikin 100, aka raba gida 2, ya zama 24. Jimla 59. Wani yaro ya ci 240, wato 30, amma ya samu 76 a tantancewa, wato 38. Jimlarsa 68. Ta fi shi da maki 40 a JAMB, duk da haka yana gabanta da 9, domin tazarar nan ta 40 maki 5 kacal ta haifar bayan rabawa. Iyayenta za su ce an yi cuwa-cuwa, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu wannan lissafi, kuma ina ganin laifin jami'o'in ne da ba sa bayyana shi da harshen da kowa zai gane.

Bayan haka akwai rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Shi ya sa sashe guda kan iya samun kat-of fiye da ɗaya.

Wanda kuma ba shi da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da sauran darussan da sashensa ke buƙata, ko bai ɗora sakamakonsa a CAPS, manhajar JAMB ta ɗaukar ɗalibai, ba, ko 300 ya ci ba za a ba shi gurbi ba.