Kuɗin hayaƙi a bakin iyakar Turai: yadda dokar CBAM ke aiki

Buhun takin yuriya da ke jibge a sito ba ya fitar da hayaƙi. Amma kafin ya zama buhu, an ƙona iskar gas an haɗa amoniya, daga amoniyar kuma aka yi takin. Wancan hayaƙin kabon da ya riga ya tashi can baya, shi Tarayyar Turai ta ce sai an biya kuɗinsa a bakin iyakarta, a dokar CBAM, wato dokar kuɗin kabon kan kayan da ake shigowa da su, da ta zartar a 2023.

Tun 2005 manyan masana'antun Turai ke buƙatar takardar izini kan kowane tan na kabon da suka fitar, takardun da ake saye da sayarwa a kasuwar kabon ta Turai. Sai suka yi ta ƙorafin cewa abokan gogayyarsu na waje ba sa biyan ko sisi, kayansu na shigowa da araha. Yanzu duk mai shigo da siminti, ƙarfe, alminiyam, taki, haidurojin ko wutar lantarki zai sayi takardu daidai da hayaƙin kayansa, a farashin da ke bin na kasuwar kabon ta Turai.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin. Ba hayaƙin masana'anta ta ƙarshe kaɗai ake ƙirgawa ba. Mai yin noti da sukuru ya sayi ƙarfe daga wata ƙasa? Hayaƙin narka ƙarfen yana bin notin har tashar jirgin ruwa ta Rotadam da ke ƙasar Holan. Mai siminti ya sayi kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, a wajen maƙwabcinsa? Hayaƙin gasa kilinkar ya hau kan buhunsa. A siminti da taki, har wutar lantarkin da masana'anta ta sha ana haɗawa. Wanda ya kasa kawo alƙaluman da aka tantance, sai a ɗora masa ƙiyasin hukuma, kuma da gangan aka tsara ƙiyasin ya yi tsauri.

Daga Oktoban 2023 zuwa ƙarshen 2025 rahoto kawai aka riƙa miƙawa duk wata uku. Lissafin kuɗi ya kama daga 1 ga Janairun 2026, sayar da takardun kuma daga Fabrairun 2027, nauyin yana ƙaruwa sannu a hankali har 2034. An ɗauke wa mai shigo da ƙasa da tan 50 a shekara, ban da mai shigo da haidurojin ko wutar lantarki. Idan an riga an biya kuɗin kabon a ƙasar da aka yi kayan, ana cirewa.

A takarda ɗan kasuwar Turai ne ke biya. A zahiri, ni dai ina ganin mai masana'anta na waje ne zai ji a jikinsa, domin za a taya kayansa ƙasa ko a koma wajen wani. Indiya da Sin sun fito fili sun soki dokar. Ƙasashe matalauta ma ba a keɓe su ba: Mozambik, wadda Turai ta kasance babbar kasuwar alminiyam ɗinta, tana cikin lissafin kamar kowa.