Sauya Difarenshal da Giyabos a Tsohuwar Mota Mai Ja da Tayoyin Baya

Sauya difarenshal da giyabos aiki ne da ake yi wa tsohuwar mota mai ja da tayoyin baya domin a gyara yadda ƙarfin inji ke isa ƙasa. Akan yi shi don motar ta riƙa tashi da kuzari, ko don injin ya daina kururuwa a kan babbar hanya, ko kuma don kayan ƙarƙashi su iya ɗaukar ƙarfin sabon injin da aka ɗora. Aikin ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Ƙarfin da ke akwai ne ake sake rabawa tsakanin ja da gudu, shi ya sa ake lissafa sassan biyu tare: abin da aka samu a ɗaya, sau da yawa a ɗayan ake biyansa.

Hanyar da ƙarfi ke bi

A irin wannan mota inji yana gaba. Juyinsa yakan bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan farfela ta ɗauke shi ta ƙarƙashin mota zuwa difarenshal, sai sandunan aksil biyu su kai shi ga tayoyi. Kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ne ya yaɗa wannan tsari tun 1891, ko da yake da sarƙa motocinsa ke jan tayoyin baya. Louis Renault ya yi amfani da farfela maimakon sarƙa a motarsa ta farko a 1898. Shi kuwa difarenshal ya girmi motar fetur, domin tun 1827 Onésiphore Pecqueur ya yi rajistar mallakar fasaharsa a Faransa.

Difarenshal yana karkata juyin farfela zuwa gefe biyu, yana rage saurinsa ya ƙara masa ƙarfin murɗa, sannan yana barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan an shiga kwana. Ayyuka biyun farko giya biyu ne ke yin su: ƙaramin finiyan da farfela ke juyawa, da babban kirawun mai siffar zobe. Tun da Packard ya shigo da giyar haifoid a 1926, finiyan ya koma zama ƙasa da tsakiyar kirawun, abin da ya ba da damar sauke ƙasan mota. Sai dai haƙoran irin wannan giya suna gogar juna sosai, kuma hakan ne ya sa take da nata mai na musamman.

Reshiyo da lissafinsa

Reshiyon difarenshal shi ne adadin haƙoran kirawun a raba da na finiyan. Haƙora 41 da 11 suna ba da 3.73, wato farfela za ta juya sau 3.73 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Haƙora 40 da 13 suna ba da 3.08, 41 da 10 kuma 4.10. Masu sana'ar suna kiran babbar lamba “gajeriyar giya”, ƙarama kuma “doguwa”, abin da kan rikita sabon shiga.

A ɗauki taya mai kewayen mita 2. A gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kusan sau 833 a minti. Idan giyar ƙarshe ta giyabos 1:1 ce, kamar yadda take a yawancin tsofaffin motoci masu giya huɗu, inji zai yi juyi kimanin 2,570 a minti da reshiyon 3.08. Aka sa 3.73, sai ya haura zuwa 3,110, da 4.10 kuwa ya kai 3,420. Ribar ita ce, daga 3.08 zuwa 3.73 ƙarfin murɗa a tayoyi ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari a kowace giya, kuma direba zai ji bambancin tun daga tashi. Asarar ita ce ƙara, da shan mai, da zafin inji a doguwar tafiya.

Nan ne giyabos ke shigowa. Idan yana da giyar sassauci, wadda ake kira obadiraif, mai reshiyo ƙasa da 1, sai lissafi ya juya. A ninka 3.73 da 0.70, a sami 2.61, inji ya sauko zuwa juyi 2,180 a wannan gudun, ƙasa ma da yadda yake kafin a taɓa motar. Wannan haɗi na gajeren difarenshal da giyar sassauci shi ne zuciyar aikin. Amma ana iya wuce gona da iri. Wanda ya ɗora giyar 0.68 a kan difarenshal mai 2.73 zai tarar da injinsa a juyi 1,550, inda tsohon inji mai kafireta ke shaƙewa yana kakkarwa, har a rasa amfanin giyar ta biyar. Girman taya ma yana cikin lissafin: babbar taya tana tsawaita giya, ƙarama tana gajarta ta.

Difarenshal mai taƙaita sulɓi

Difarenshal na yau da kullum, wanda ake kira buɗaɗɗe, yana raba ƙarfin murɗa daidai wa daida tsakanin tayoyi biyu. Da jin haka sai a ɗauka adalci ne, amma yana nufin tayar da ta fi rashin kamu ce ke yanke hukunci. Idan ɗaya ta hau laka ko ƙanƙara sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuma ba ta samun fiye da ɗan abin da waccan ta iya riƙewa. Maganin wannan shi ne difarenshal mai taƙaita sulɓi, wanda aka fi sani da LSD. Kamfanin ZF na Jamus ya ƙera irinsa a shekarun 1930 bisa buƙatar Ferdinand Porsche, domin motocin tseren Auto Union. Ya shiga motocin kasuwa na Amurka a tsakiyar shekarun 1950, inda Chevrolet ya sa masa suna Positraction.

Nau'in da ya fi yawa shi ne mai faifan kuloci a ciki, waɗanda ke matse sandunan biyu su tafi tare. Yana kamu da kyau, ana iya saita shi, amma faifan suna cinyewa. Akwai mai giya zalla, irin Torsen da Vernon Gleasman ya ƙirƙiro da kuma na kamfanin Quaife na Ingila. Ba shi da faifan da zai ƙare, kuma yana aiki a hankali ba tare da fizga ba, don haka ya fi dacewa da motar hawa ta kullum. Rauninsa ɗaya: idan taya ta ɗaga sama gaba ɗaya, sai ya zama kamar buɗaɗɗe. Akwai kuma mai ruwan silikon mai kauri, wanda ƙarfinsa ke raguwa da tsufa, da mai kullewa ɗungurungum irin Detroit Locker, wanda ke ƙara da ƙwanƙwasa a kwana.

Wasu kan yi wa ƙananan giyoyin ciki walda don tayoyin su kulle har abada. Araha ce, kuma tana da wurinta a filin wasa. A kan titi kuwa tana cin taya, tana wahalar da sandunan aksil, tana kuma sa bayan mota ya kufce ba zato idan an yi ruwa.

Canza aksil gaba ɗaya

Idan an ƙara wa inji ƙarfi sosai, sauya giyoyin ciki kaɗai ba ya wadatarwa, sai a ɗauko aksil mafi ƙarfi. Wanda ya fi suna shi ne Ford mai inci 9 (faɗin kirawun ɗinsa ke nan), da aka ƙera daga 1957 zuwa 1986. Ana zare cikinsa ta gaba ɗungum, a saita a kan tebur, kuma finiyansa yana da ƙarin boris da ke tallafe shi ta ƙarshe. Ford mai inci 8.8, da na kamfanin General Motors (GM) mai noti 12, da Dana 44 da Dana 60 su ma ana yawan amfani da su. Dole faɗin aksil, da mazaunin sifirin, da ramukan notin taya, da birki su dace da motar. Ana kuma duba yawan tsagar da ke bakin sandar aksil; mai 31 ta fi mai 28 kauri da ƙarfi.

A motocin da kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, irin Mercedes-Benz W123 ko BMW E30, difarenshal a jikin firam yake a ɗaure, don haka akan musanya shi da na wata mota daga gida ɗaya. Masu Datsun 240Z, misali, sun daɗe suna cire R180 su sa R200.

Zaɓen giyabos

Kafin giya biyar ta zama ruwan dare, wasu kamfanoni suna liƙa wa giyabos ƙaramin akwatin sassauci a baya, wanda direba ke kunnawa da maɓalli. Na Laycock de Normanville ne ya fi shahara, kuma ana samunsa a MG, Triumph, Jaguar da Volvo. Gyara irin wannan akwati hanya ce ta samun sassauci ba tare da an ɓata asalin mota ba.

In ba haka ba, sai a nemo giyabos mai giya biyar. A ƙananan motocin Birtaniya an fi sa Ford Type 9 na motar Sierra, wanda giyarsa ta biyar 0.82 ce. A motocin Amurka kuwa BorgWarner T-5 ne, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. Ba shi da nauyi, amma ƙarfin murɗa da ya wuce kimanin Nm 400 (Nm, wato niyuton-mita, shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa) yana karya shi. Mai babban inji yakan koma ga T-56 mai giya shida, wanda ya fara fitowa a Dodge Viper a 1992, ko Tremec TKX. Toyota W58 ma yana da masoya.

Kafin a saya, ana auna tsawon sandar da ke shiga kuloci da yawan tsagarta, da ko murfin kuloci zai haɗu da bayan inji, da inda sandar giya za ta ɓullo a cikin mota, da ko ramin ƙasan mota zai ɗauki sabon akwatin ba tare da yanka ba. Motocin da farfelarsu ke cikin bututun da ya haɗa giyabos da difarenshal, irin Peugeot 504, sun fi wahalar sauyi, saboda bututun wani ɓangare ne na ginin motar.

A ɓangaren otomatik, sauyin da aka saba shi ne daga giya uku zuwa huɗu. TH350 na GM yana farawa da 2.52 ya ƙare a 1.00, 700R4 da ya fito a 1982 kuma yana farawa da 3.06 ya ƙare a 0.70, wato riba ta kai biyu. Sai dai 700R4 da takwaransa na Ford, AOD, suna da wata waya da ke haɗe da totur, wadda ke daidaita matsin mai a ciki. Idan ba a saita ta daidai ba, faifan ciki kan ƙone cikin ɗan gajeren lokaci. Akan kuma ƙara masa na'urar sanyaya mai.

Farfela da sauran abin da sauyi ke jawowa

Da wuya sabon giyabos ya yi tsawo ɗaya da tsoho, don haka akan rage farfela ko a ƙera sabuwa, a kuma daidaita nauyinta a kan na'ura. Kusurwar kuros (mahaɗin da ke bakin farfela) ɗin gaba da na baya dole su yi daidai da juna, yawanci tsakanin digiri 1 da 3, in ba haka ba mota ta riƙa rawa. Wani abu da ake yawan mantawa: giyar sassauci inji kawai take hutarwa. Saurin farfela ya dogara ne ga gudun mota da reshiyon difarenshal, saboda haka gajeriyar giya tana sa ta ƙara juyi, kuma kowace farfela tana da iyakar juyin da za ta fara lanƙwasa. Mitar gudu ma takan yi ƙarya, domin daga bayan giyabos take ɗaukar lissafi. Bayan sauyi daga 3.08 zuwa 3.73 za ta nuna 121 alhali motar tana kan 100, sai an canza ƙaramar giyarta.

Saiti da mai

Kirawun da finiyan tare ake goge su a masana'anta, tare kuma ake sayar da su. Ba a haɗa na wannan da na wancan. Ɗora su aikin awo ne. Ana daidaita zurfin finiyan da siraran wosha, a matse boris gwargwadon ƙa'ida, a bar ɗan wasa tsakanin haƙora, yawanci milimita 0.15 zuwa 0.25. Daga nan a shafa wa haƙoran fenti na musamman a juya, a ga inda suke taɓa juna. Tabon ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori. Idan ya karkata, difarenshal zai yi kuka, kuma da zarar haƙora sun ci a gurguje, sake saiti ba ya kashe kukan. A wasu aksil, irin na GM, kwandon da kirawun ke zama a kai ya bambanta gwargwadon reshiyo, sai an canza shi ma.

Sababbin giyoyi suna zafi a farko, don haka ana tafiya da su a hankali ba tare da jan kaya ba, a zubar da man bayan kimanin kilomita 800. Difarenshal mai haifoid yana son mai na ajin GL-5, mai faifan kuloci kuma yana buƙatar ƙarin sinadarin da ke hana shi kakkarwa a kwana. Tsofaffin giyabos masu zoben tagulla galibi GL-4 suke so, T-5 da aka ƙera daga baya kuwa man otomatik ake zuba masa duk da cewa na hannu ne.

Doka da darajar mota

Ƙasashe sun bambanta kan irin wannan sauyi, kuma kamfanonin inshora galibi suna so a sanar da su. A Jamus, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun lambar tarihi mai harafin H, amma da sharaɗin duk wani sauyi ya dace da zamaninta. Masu tara tsofaffin motoci suna daraja wadda ke ɗauke da giyabos da aksil ɗinta na asali, shi ya sa da yawa ke zaɓar sauyin da ba ya buƙatar yanka ko walda, su kuma ajiye tsofaffin kayan don a iya mayar da su ranar sayarwa.