Sa hannu a kan faci: ƙa'idar tura gyara zuwa Linux

Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ko mai rubuta manhaja a Yamai da ya gano kuskure a ƙwayar Linux (kernel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) yana da damar tura gyara. Gyaran nan shi ake kira faci, kamar na taya. Amma ko kod ɗin ya yi kyau, ba a karɓarsa sai da layin Signed-off-by a ƙarshen bayani, wanda umarnin git commit -s ke sakawa (git manhaja ce da ke adana tarihin canje-canjen kod).

Layin nan shaida ce. An kawo shi a 2004, bayan kamfanin SCO ya yi iƙirarin an kwashi kod ɗinsa an zuba a Linux. Da ka sa hannu, ka amince da takardar DCO (Developer Certificate of Origin, shaidar asalin kod) ke nan: ko kai ka rubuta gyaran kuma kana da haƙƙin bayar da shi ƙarƙashin lasisin aikin, ko ka gina shi kan aikin da lasisinsa ya yarda, ko wani da ya riga ya ba da wannan shaida ya miƙo maka ba ka taɓa ba. Mai aiki a kamfani ya lura, abin da ya rubuta a bakin aiki mai yiwuwa ba nasa ba ne, sai ya nemi izini. Akwai kuma sharaɗin da ake yawan tsallakewa: sunanka da imel ɗinka za su zauna a bainar jama'a, ba gogewa. Ba a karɓa daga wanda ya ɓoye kansa.

Sauran sharuɗɗan na tsari ne. Faci ɗaya, matsala ɗaya, kuma bayan saka kowanne kod ɗin ya haɗu ya yi aiki, don in an bi tarihi da git bisect ana neman inda ɓarna ta shigo, kar a tsaya a rabi. Shigar layi da tab mai faɗin 8 ake yi, an fi son layi kar ya wuce harafi 80. Akwai ƙananan manhajoji biyu a cikin kod ɗin Linux: checkpatch.pl zai nuna maka kurakuran salo, get_maintainer.pl kuma ya faɗa maka wa za ka aika wa.

Ka aika da git send-email, rubutu tsura. Saƙon HTML ana mayar da shi, kuma liƙa faci a shafin Gmail kan mai da tab fili ya kakkarya layuka, sai ya ƙi hawa a wajen mai dubawa. In ka ji shiru, ka ba su aƙalla mako guda kafin tuni. In an ce ka gyara, ka sake turowa da v2 a kan take, ka rubuta abin da ya canja a ƙarƙashin layin nan mai karan ɗori uku, ---, don kar ya shiga tarihin aikin.