Mece ce "shiyyar soja" da ake ta ambata a labaran Rasha?

Duk mai bin labarin yaƙin Ukraine ya sha jin ana cewa "kwamandan shiyyar kudu" ko "dakarun shiyyar gabas", kuma da yawa suna ɗauka wani katon bariki ake nufi. Ba bariki ba ne. Shiyyar soja, wadda su Rashawa ke kira okrug, yanki ne na ƙasa sukutum, jihohi da dama a haɗe ƙarƙashin janar ɗaya, barikoki da ma'ajiyar makamai da filayen atisaye da ofisoshin ɗaukar kurata duk suna hannunsa. In saurayi ya isa shiga aikin soja na dole na shekara ɗaya, ta ofishin da ke ƙarƙashin shiyyarsu takardar kira za ta iso masa.

Abin ya samo asali ne daga kashin da Rasha ta sha a yaƙin Crimea na 1853 zuwa 1856. A lokacin komai ƙanƙantar magana sai an jira izini daga fadar sarki a St. Petersburg, ga ƙasa mai faɗin tsiya ga ƙarancin layin dogo, kafin umarni ya iso an riga an yi ɓarna. Sai ministan yaƙi Dmitry Milyutin ya fara yanka ƙasar shiyya-shiyya a 1862, ya soma da Warsaw da Vilna da Kiev da Odessa, wato duk bakin iyakar yamma da kudu inda ake tsoron abokan gaba. Sarauta ta faɗi, 'yan gurguzu suka zo, su ma ba su yar da tsarin ba, a tsakiyar shekarun 1980, kafin rushewar Tarayyar Sobiyet, akwai shiyyoyi 16.

A 2010 aka matse shida da suka rage suka koma huɗu: yamma mai hedikwata a St. Petersburg, kudu a Rostov, tsakiya a Yekaterinburg, gabas a Khabarovsk can kusa da Sin. Sansanonin da ke waje su ma kowanne da uwar ɗakinsa a gida, na Gyumri a Armeniya na shiyyar kudu ne, na Tajikistan kuma na tsakiya. Amma fa ba kowa janar ɗin shiyya ke juyawa ba, rundunar manyan makamai masu linzami na nukiliya da sojojin lema kai tsaye daga Mosko suke karɓar umarni.

In kana son ganin nauyin hedikwatar shiyya ka tuna 24 ga Yuni 2023. Da Prigozhin, shugaban sojojin haya na Wagner, ya yi bore da yaransa (eh, su ɗin dai da kuka sani a Mali) bai fara da Mosko ba, ginin shiyyar kudu a Rostov ya fara kamawa, saboda daga nan ake tafiyar da babban ɓangare na yaƙin. Tankoki a kan titi, mutanen gari sun fito suna ɗaukar hoto da waya kamar ranar hawan sallah, shi kuma yana zaune a harabar ginin tsakanin manyan janarori biyu yana cewa a kawo masa ministan tsaro na lokacin Shoigu da babban hafsan sojoji Gerasimov.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne duk sanda aka sake zana taswirar nan to akwai wanda Kremlin ke harara. Finland ta shiga NATO a Afrilun 2023, iyakarta da Rasha ta haura kilomita 1,300, Sweden ma na kan hanya, sai ga Putin a Fabrairun 2024 ya sa hannu an fasa shiyyar yamma gida biyu, ta Mosko da ta Leningrad, aka dawo da tsoffin sunayen duk da garin St. Petersburg ya daina amsa Leningrad tun 1991. Rundunar ruwa ta arewa da aka ɗaga matsayinta ya yi daidai da shiyya a 2021 aka sauke ta, yankinta ya koma hannun Leningrad. A wannan dokar dai aka cusa Donetsk da Luhansk da Zaporizhzhia da Kherson cikin shiyyar kudu, alhali har birnin Kherson kansa yana hannun Ukraine, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta amince yankunan na Rasha ba ne.