Zancen 2038 da tsofaffin na'urori masu 32-bit: me ake canzawa wajen haɗa manhaja?

Wai me zai faru a 2038 ne?

Ka san Linux da danginsa ba kalanda suke dubawa ba, daƙiƙoƙi suke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, suna zuba lissafin a wani ma'aji da ake ce wa time_t. A na'ura mai 32-bit iyakar abin da yake ɗauka 2,147,483,647 ne, kuma zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon UTC. Daƙiƙa ɗaya bayan nan sai lambar ta juye, na'ura ta ɗauka ana Disambar 1901.

Ai da sauran shekaru, saurin me ake?

Manhajar da ke lissafin ranar ƙarewar satifiket (takardar shaidar tsaro ta intanet) nan da shekara ashirin ai ta riga ta taka wurin tun yanzu. Ga rauta (na'urar rarraba intanet) da ƙananan na'urori masu firosesa samfurin ARM da ake dasawa a manta da su.

To me zan taɓa?

Maganin shi ne faɗaɗa time_t daga bayit 4 (32-bit) zuwa bayit 8 (64-bit). In glibc, wato laburaren yaren C (tarin kod ɗin da manhajoji ke kira) na yawancin Linux, kake amfani da shi, daga 2.34 na 2021 zuwa sama, sai ka zuba -D_TIME_BITS=64 da -D_FILE_OFFSET_BITS=64 cikin CPPFLAGS, wato saitin da ake miƙa wa kompaila (mai juya kod ya zama manhaja), su biyun tare suke tafiya, ka sa na farko shi kaɗai kompaila ya tsaya ya ƙi ci gaba. Kanel ɗin, wato zuciyar Linux, shi ma dole ya kai 5.6. Masu Autoconf 2.72, kayan aikin shirya saitin haɗa manhaja, suna da AC_SYS_YEAR2038 da ke duba musu. Masu musl kuwa, wani laburaren C da ke madadin glibc, tun 1.2.0 an gama musu aikin.

Shi ke nan kenan, layi biyu?

Ina fa. Anan ne wahalar take. Ka haɗa manhajarka da time_t mai bayit 8, amma laburaren da take kira an haɗa shi da mai bayit 4, to duk struct (ƙunshin bayanai) ɗin da ke ɗauke da lokaci girmansa ya bambanta a ɓangarorin biyu, kuma babu wanda zai yi maka gargaɗi, komai zai haɗu lafiya lau sai ana cikin aiki ka ga kwanan wata ya haukace ko manhajar ta faɗi. Shi ya sa masu Debian, wani nau'in Linux, suka sake haɗa tarin laburare suna maƙala musu t64 a ƙarshen suna kafin fitar Debian 13 a 2025. Sun yi wa armhf da armel, wato nau'ikan ARM masu 32-bit, i386 kuwa, na tsofaffin kwamfutocin Intel masu 32-bit, suka bar shi yadda yake saboda tsofaffin manhajojin da babu mai sake haɗa su, kuma ni dai ban ga laifinsu ba.

Ya zan san ya yi?

Buga sizeof(time_t), in ka ga 8 madalla. Sannan ka bi kod ɗinka layi-layi, duk inda aka zuba lokaci cikin int ko long, ko aka buga shi da %ld, ka gyara, don long a 32-bit har gobe bayit 4 ne. Haka fayilolin da kake ajiye lokaci a ciki, in gurbin 32-bit ka ware tun farko, saitin kompaila ba zai faɗaɗa maka shi ba.