Shugaban Aiki Jiya da Yau a Zamfara: Tambayoyi da Amsoshi

Tsofaffin ma'aikata a Gusau suna kukan cewa yaran yanzu ba sa ganin girman na gaba. Matasan kuma cewa suke yi manyan ne suka daina riƙon na ƙasa. Ga tambayoyin da wannan taƙaddama take yawan haifarwa.

Da can me ake nema wurin shugaba?

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke mulki da ita, shugaba uba ne kafin komai. In hakimi ko wakili ya ba da umarni ba a tambayar dalili, sai dai "ranka shi daɗe, an gama". Amma biyayyar nan ba a banza ake yin ta ba. Ranar da aka yi wa malamin haraji haihuwa, daga gidan shugaba ragon suna zai fito ko kuɗinsa. In ya yi laifi a kira shi zaure a yi masa faɗa, magana ta mutu a nan, ba takardar tuhuma. Haka ma dillalan auduga da gyaɗa da ke loda kaya a tashar jirgin ƙasa ta Gusau da Ƙauran Namoda: su ciyar da yaransu, su yi musu aure, wanda ya daɗe a ba shi jari a sallame shi. Aibin tsarin ɗaya ne, kuma babba ne. In maigida azzalumi ne, babu inda za a kai kuka.

Yaushe abin ya soma sauyawa?

Cikin shekara uku a jere. A 1974 rahoton kwamitin Udoji, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don duba aikin gwamnati, ya kawo ƙarin albashi, ya kuma jera ma'aikata a matakai daga 01 zuwa 17, sai abin da mutum zai ɗauka ya zama hukuncin matakinsa, ba alherin wani ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. A ganina wannan ne ya fi girgiza zukata, domin ƙaramin ma'aikaci ya ga da idonsa cewa wanda yake fakewa a bayansa shi ma bai tsira ba. Sai 1976, aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, umarni ya koma fitowa daga fayil maimakon fada.

Ƙirƙiro jihar Zamfara ya taɓa wannan?

Ya taɓa. Da aka cire ta daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, 'yan asalin jihar suka dawo Gusau, kujeru suka yi yawa, wasu suka hau sama da wuri. Darakta ya zama maƙwabcinka a Tudun Wada ko abokin karatun yayanka. Kwarjini ya ragu, neman alfarma ya ƙaru.

To yau me ma'aikaci yake so?

Yana son a gaya masa dalili. Yana son ƙarin girma ya zo a lokacinsa ba sai ya san wani ba, a raba tafiye-tafiye da alawus da adalci, kuma in za a tsawata masa kada a yi gaban jama'a. Fiye da komai yana son alat ya shigo ƙarshen wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota da kwanon masara suke cinye ƙarin. Shugaban da bai iya bin fayil ɗin yaransa har ma'aikatar kuɗi ba, ko ya iya wa'azin zuwa aiki ƙarfe takwas, ba mai saurarensa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa: ma'aikacin da ke neman a bi ƙa'ida shi ne zai zo gobe ya ce, "Yallaɓai, yarona na asibiti." Ana so shugaba ya zama mai bin doka, a lokaci guda kuma ya ci gaba da zama uban gida irin na da, alhali ba shi da ikon na da, ba shi da rumbun na da. Tsoronsa ne ya tafi, nauyin yana nan.

Ba rashin ladabi ba ne kawai?

Wani lokaci shi ne. Amma tambayar dalili ba raini ba ce. Kuma tun shigowar wayar salula a 2001, balle zuwan WhatsApp, takardar da a da take kwana a aljihun teburin shugaba yanzu masinja yana karanta ta kafin shi. Wanda ya san abin da ka sani dole ya tambaye ka.

Rashin tsaro fa?

Wannan sabon nauyi ne da shugabannin da ba su ɗauka ba. A da in an tura malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya Zurmi, Shinkafi ko Maru, ɗaure kaya kawai za a yi. Yau tambayar farko ita ce hanya: wace rana ake bi, da rakiya ko babu, akwai wurin kwana mai tsaro? Shugaban da ya sa hannu kan canjin wurin aiki daga Gusau bai taɓa taka garin ba, za a karɓi takardarsa, amma ba lallai a je ba. Wanda ya shiga mota ya je da kansa, ya kira waya in dare ya yi bai ji an iso ba, shi ne ake yi wa aiki.

A kasuwa da gareji ma haka ne?

A can tsohon tsari ya fi tsayawa da ƙafarsa. Har yanzu yaro yana cewa "maigida", yana jiran ranar yaye. Abin da ya ragu shi ne haƙurin jira. Mai koyon kanikanci ko ɗinki yana lissafin abin da ɗan acaɓa ko mai POS ke samu a yini, don haka tun ranar da uba ya kawo shi ake so a faɗi shekara nawa zai yi, da kuɗin abincin da za a riƙa ba shi kullum.